Kurakuran da ke cinye ribar aiki daga gida

Duk wanda ya koma yin aikinsa daga gida, a makon farko ji yake kamar an sauke masa kaya daga ka. Babu sammakon fita, babu cunkoson hanya, babu abokin aikin da zai tsaya maka a ka da surutu kana tsakiyar lissafi. Kuma ribar ba a baki kawai take ba. Nicholas Bloom, masanin tattalin arziki a Jami'ar Stanford da ke Amurka, ya yi gwaji da ma'aikatan amsa waya na kamfanin tafiye-tafiye na Ctrip a ƙasar Sin, aka bar wasunsu suna aiki daga gida har wata tara. Sakamakon da aka wallafa a 2015 ya nuna aikinsu ya ƙaru da kashi 13 cikin ɗari. Sai dai akwai abin da ba a cika faɗa ba: da aka ba su zaɓi daga baya, kusan rabinsu sun nemi a mayar da su ofis, galibi saboda kaɗaici. Ribar tana nan, amma tana da ƙofofin da take zurarewa ta cikinsu.

Babbar ƙofar ita ce rashin lokacin tashi. A da, hanyar komawa gida ce take raba aiki da hutu, ko kana so ko ba ka so. Yanzu ofis yana cikin aljihunka. Ni kaina na yi wannan wauta wata da watanni. Ƙarfe goma na dare ina kwance, fitila a kashe, sai waya ta yi ƙara, in ce bari in duba kawai. Daga dubawa sai amsawa, daga amsawa sai tashi a kunna kwamfuta. Awa biyun da na tsira da su daga zirga-zirga, na mayar wa aiki su har da gyara, ba wanda ya roƙe ni. Abin da ya raba ni da wannan ba wani babban abu ba ne. Na tsayar da lokacin tashi, na sanar da waɗanda muke aiki tare, in lokacin ya yi na rufe kwamfutar in saka ta a jaka, in kashe ƙarar saƙonnin aiki a waya. Saka ta a jakar nan shi ne sirrin, domin muddin tana buɗe a kan tebur, sai ta kira ka. Matsalar ta kai ga Faransa ta kafa doka, wadda ta fara aiki a farkon 2017, da ta tilasta wa manyan kamfanoni tattaunawa da ma'aikatansu kan 'yancin kashe na'urorin aiki bayan an tashi.

Kuskure na biyu ya fi zafi, don ba a jin sa sai an makara. Mutum ya duƙufa yana aiki tuƙuru shi kaɗai, yana zaton aikin zai yi magana da bakinsa. A wancan gwaji na Ctrip, waɗanda suke gida an fi barin su a baya wajen ƙarin girma, duk da sun fi yin aiki. Shugaba ɗan Adam ne, wanda yake gani shi yake tunawa. Wasu da suka gane haka sai su faɗa wani ramin: su wuni suna nuna alamar suna kan layi, suna amsa kowane saƙo cikin daƙiƙa goma, ainihin aikin kuwa yana jibge. Wannan wahalar banza ce. Abin da ya fi shi ne ɗan taƙaitaccen rahoto a ƙarshen kowane mako, layi biyar ko shida: ga abin da na gama, ga wanda ke hannuna, ga inda na maƙale da abin da nake buƙata. Ranar da za a zauna maganar ƙarin girma, ba sai ka yi dogon bayani ba, komai a rubuce yake.

Sai yadda ake tura saƙo. Wani zai rubuto maka "Sannu, kana nan?" ya yi shiru yana jira. In kuna ƙasashe daban, shi yana safiya kai kana dare, wannan gaisuwa kaɗai sai ta ci kwana guda kafin a shiga magana. Ka gaisa, sannan ka zayyana komai a saƙo ɗaya: me kake so, zuwa yaushe, ga takardar. Haka ma taro ta bidiyo. Ba kowace magana ce sai an haɗu a Zoom ba. Jeremy Bailenson, shi ma na Stanford, ya yi bayani a 2021 cewa daga cikin abin da ke gajiyar da mutum a irin wannan taro har da ganin fuskarsa da yake yi ba ƙaƙƙautawa, kamar wanda aka ɗora wa madubi a gaba duk yini. Akwai maɓallin ɓoye hotonka daga idonka, sauran mutane suna ci gaba da ganin ka. Danna shi.

Mutanen gida kuma, in sun gan ka zaune, sun ɗauka ba ka da abin yi, sai aike da kira. Ba laifinsu ba ne in ba ka faɗa musu sa'o'inka ba. Faɗa musu, kuma ka cika alkawarin fitowa in lokaci ya yi, sai su mutunta rufaffiyar ƙofa.

Aiki a kan gado, baya da wuya ne za su biya bashin. Kujera da tebur, a ɗaga kwamfutar ko da a kan littattafai ne har saman allon ya yi daidai da ido. Duk minti 20 ka kalli wani abu mai nisan kamar mita shida na daƙiƙa 20. Kada ka ba yara kwamfutar aiki su yi wasa, kada ka buɗe takardun sirri a intanet ɗin kyauta na wurin taruwar jama'a, ka kuma kunna tantancewa mai mataki biyu a imel ɗinka, wato bayan kalmar sirri sai an ƙara wata shaida, kamar lambar da za a turo wa wayarka, kafin ya buɗe.

Kaɗaicin nan da ya mayar da kusan rabin waɗancan ma'aikatan Ctrip ofis, shi ba ya shigowa da ƙara. Wata rana za ka lura kwana uku ke nan ba ka yi magana da kowa ba sai ta rubutu. Bloom ya sake wani gwajin a kamfanin, wanda yanzu ake kira Trip.com, aka wallafa a 2024: kwana biyu a gida, uku a ofis a kowane mako. Masu ajiye aiki sun ragu da kusan kashi ɗaya bisa uku, ingancin aiki da ƙarin girma kuma ba su taɓu ba. In wurin aikinka ya ba da wannan zaɓi, ka gwada shi. In babu ofishin zuwa gaba ɗaya, ka ware rana guda a mako ka ɗauki kwamfutarka zuwa ɗakin karatu ko wurin aiki na haɗaka, ka kuma kira abokin aiki ɗaya a waya ku yi hirar da ba ta shafi aiki ba.