Yadda Ake Gane Labarin da 'Yan Leƙen Asiri Suka Shuka

Ranar 21 ga Mayun 2016, gungu biyu na mutane suka yi cirko-cirko a gaban wata cibiyar Musulunci a birnin Houston na Amurka, waɗannan na zagin Musulunci, waɗancan na kare shi. Kowane gungu shafin Facebook ne ya kira shi. Daga baya binciken majalisar dattawan Amurka ya gano cewa shafukan biyu gida ɗaya ke tafiyar da su, wato Internet Research Agency, wani kamfanin yaɗa farfaganda a intanet da ke St. Petersburg a Rasha, kuma kimanin dala 200 aka kashe wajen haɗa wannan husuma.

Leƙen asiri ya wuce satar takardu. Manyan ƙasashe na yaƙar juna da labarai, kuma mai riƙe da waya shi ne ɗan aiken da ba a biya. Ga yadda za ka kauce wa zama ɗan aiken.

Mataki na farko: dakata idan ranka ya ɓaci. Masu wannan sana'a ba sa ƙirƙiro sabon ciwo, tsohon miki suke fama wa: addini, ƙabila, tsadar rayuwa, haushin Turawan mulkin mallaka. Duk saƙon da ya sa jininka ya tafasa, aka kuma rufe shi da "a yaɗa saboda Allah", ajiye wayar tukuna.

Mataki na biyu: bi sawun labarin zuwa inda ya fara. Nan ne aikin yake, kuma ya cancanci a ba shi lokaci. A 1983 wata ƙaramar jarida a Indiya mai suna Patriot ta buga wasiƙar wani da bai bayyana sunansa ba, yana cewa sojojin Amurka ne suka ƙera ƙwayar cutar ƙanjamau. KGB, hukumar leƙen asirin Tarayyar Soviet, ce ta shuka wasiƙar. Aka bar ta ta kwanta shekara biyu, sannan a 1985 wata jaridar Mosko ta ɗauko zancen tana kafa hujja da "abin da jaridar Indiya ta ruwaito". A 1986 aka raba rahoton wani masani daga Jamus ta Gabas a taron ƙasashen 'yan ba-ruwanmu a Harare, don a ba ƙaryar rigar kimiyya. Kafin ƙarshen 1987 ta ratsa gomman ƙasashe. Sai a 1992 shugaban hukumar leƙen asirin ƙetare ta Rasha, Yevgeny Primakov, ya amsa cewa aikinsu ne. Abin da ke ci mini rai shi ne har yau akwai masu rantsuwa da wannan zance, wasu ma suna gudun asibiti saboda shi.

Dabarar ba ta sauya ba, sauri kawai ta ƙara. Don haka kwafi jimla ɗaya daga labarin ka saka a Google, ka nemo wanda ya fara wallafa shi da ranar da ya yi. Idan shafuka ashirin sun kawo shi da kalmomi iri ɗaya, har da kuskuren rubutu iri ɗaya, to majiya ɗaya ce ta sauya riga sau ashirin.

Mataki na uku: binciki shafin kansa. A Facebook akwai sashen da ke nuna ranar da aka buɗe shafi, sunayen da ya taɓa ɗauka, da kuma ƙasar masu kula da shi idan shafin babba ne. Shafin da jiya yake tallar atamfa, yau ya koma sharhin tsaron Sahel, abin tuhuma ne. Amma kada ka sakankance don ka ga masu shafin 'yan gida ne. A watan Maris na 2020 Facebook da Twitter sun rufe wasu asusun da matasa ke tafiyarwa daga Gana da Najeriya a madadin wasu mutane a Rasha, ana tunzura baƙaƙen fatar Amurka da su. An fake ne da sunan ƙungiyar sa-kai, kuma bisa ga alama wasu ma'aikatan ba su san wa suke yi wa aiki ba.

Mataki na huɗu: gwada hoton. Saka shi a Google Lens, manhajar da ke nemo wuraren da hoto ya taɓa fitowa a intanet. Sau da yawa za ka tarar tsohon hoto ne daga wata ƙasa. Idan bidiyo ne, tsayar da shi ka ɗauki hoton allon wayarka ka yi haka, ka lura da lambar mota, kakin jami'ai da rubutun allunan shaguna.

Mataki na biyar: kada ka wanke kowane ɓangare. Mutane da yawa a nan suke zamewa, don kowa na da gwaninsa. A Disambar 2020 Facebook ya rufe gungu uku na asusun bogi da ke aiki a Afirka: biyu na da alaƙa da Rasha, ɗaya da wasu mutane masu alaƙa da rundunar sojin Faransa. A Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya har musu suke yi da juna, kowa na shigar ɗan ƙasa. A Yunin 2024 kuma kamfanin dillancin labarai na Reuters ya fallasa yadda sojojin Amurka suka buɗe asusun bogi a lokacin korona don ɓata sunan rigakafin Sinovac na Sin a Filifin, sannan a Asiya ta Tsakiya da Gabas ta Tsakiya suka riƙa kitsa wa Musulmi cewa yana ɗauke da sinadarin alade. Bambanci na gaske guda ɗaya ne a ganina: a ƙasashen dimokuraɗiyya ɗan jarida na iya tono asirin gwamnatinsa ya kwana a gidansa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, amma bai sa hukumominsu sun zama masu gaskiya ba.

Mataki na shida: kula da lokacin da aka "bankaɗo" sirri. Ranar 5 ga Mayun 2017, saura kwana biyu zagaye na biyu na zaɓen Faransa, aka watsa tarin saƙonnin imel na kwamitin yaƙin neman zaɓen ɗan takara Emmanuel Macron, sa'o'i kaɗan kafin dokar hana kamfe ta fara aiki. Kwamitin ya ce an cakuɗa na gaske da na jabu. Takardar sata da ta ɓullo a jajibirin zaɓe, tambayi kanka wa ya zaɓi wannan rana.

Mataki na bakwai: idan ka tabbatar ƙarya ce. Kada ka sake tura saƙon ko da niyyar ƙaryata shi, yin haka ƙara masa tafiya ne. Duba ko shafukan tantance labarai irin su Dubawa da Africa Check sun riga sun tantance shi. Idan babba ne ya turo shi a zauren WhatsApp na dangi, bi shi ta gefe, ka gaishe shi, ka ce, "Baba, na bincika wannan hoton, ashe na wata ƙasa ne, ga inda ya fara fitowa." Ka bar shi ya goge da hannunsa.