Sola a tsakar gida, ba lallai sai kan kwano ba

Jama'a, duk mai fili a gidansa, ya gwada kafa faifan sola a ƙasa. Nawa na kan kwano da, ƙurar hunturu ta rufe su, caji ya ja baya, ni kuma hawa tsani ya gagare ni. Yanzu da na sauko da su ƙasa, da sassafe nake goge su da ruwa da tsumma mai laushi.

Ku sa mai walda ya yi ƙafafun ƙarfe, a dasa da siminti saboda iskar farkon damina. A nan Kano faifan su kalli kudu, a ɗan kishingiɗe, kamar digiri 12. Ku lura da inuwar darbejiya da katanga; faifai ɗaya ta taɓa, wutar sauran ma raguwa take. Masu awaki da yara 'yan ƙwallo, don Allah a kewaye da raga.