Yadda Ake Ƙayyade Ƙwaƙwalwar Tarayya a Babban Rumbun Bayanai na PostgreSQL

PostgreSQL, manhajar sarrafa rumbun bayanai, yana zuwa da shared_buffers (wato ƙwaƙwalwar tarayya da yake riƙe shafukan bayanan da ya karanto daga faifai) a kan 128MB kacal, abin da ba zai ishi rumbun da ake tara bayanan shekaru domin fitar da rahotanni ba. Shawarar da masu manhajar suka bayar ita ce a fara da kashi 25 cikin ɗari na RAM (ƙwaƙwalwar aikin kwamfuta) idan sabar (kwamfutar da ke ɗauke da rumbun) ba ta wani aiki sai wannan, kuma sun ce da wuya a ga amfani idan aka haura kashi 40. Ke nan sabar mai 128GB za ta fara da 32GB, sannan a sake tayar da manhajar, domin canjin ba ya aiki sai an yi hakan.

Kada ka yi gaggawar ƙarawa. Idan tambaya, wato umarnin neman bayanai daga rumbun, za ta karanta tebur daga farko har ƙarshe, kuma teburin ya fi rubu'in shared_buffers girma, PostgreSQL yana bi da shi ta wani ɗan ƙaramin yanki na shared_buffers ne, don kada ya kori shafukan da ake yawan buƙata. Irin wannan karatu kuwa shi ne aikin yau da kullum a rumbun rahotanni, saboda haka ƙarin ba zai hanzarta shi ba, sai dai ya rage wa Linux wurin da yake riƙe abin da aka karanto daga faifai.

A ganina, inda ya kamata ka fi sa ido shi ne work_mem, wato ƙwaƙwalwar da aikin jerawa ko haɗawa zai ci kafin ya koma amfani da faifai, wanda yake farawa da 4MB. Ba a lissafa shi da yawan tambayoyi, kowane aikin jerawa ko haɗa tebura yana iya ɗaukar nasa, haka ma kowane ma'aikaci, wato ɓangaren manhajar da aka raba wa aikin. Tambayoyi 10 masu ayyuka 4, kowace da ma'aikata 3, idan work_mem yana kan 256MB, za su iya cinye 30GB, kuma wannan ba ya cikin ƙwaƙwalwar tarayya. Ka kunna log_temp_files, saitin da ke rubuta rahoton fayilolin wucin gadi, ka ga tambayoyin da suke malala zuwa faifai, ka ɗaga musu work_mem su kaɗai.

Da zarar shared_buffers ya kai irin 32GB, ka ware manyan shafukan ƙwaƙwalwa masu 2MB ta saitin Linux mai suna vm.nr_hugepages. Tun daga PostgreSQL 15 na 2022, shared_memory_size_in_huge_pages yana faɗa maka adadin da ake buƙata. Bayan mako guda na aikin gaske, ka duba pg_buffercache, wanda ke nuna abin da ke cikin shared_buffers, kafin ka sake taɓa komai.