Ƴan fada, ga yadda za ku maido da daji da naman cikinsa

Duk ranar 3 ga watan Agusta sai ka ga an fito dashen itace a Damagaram, a ɗau hoto a sa a Facebook, kafin bazara awaki sun cinye ko ƙishi ya kashe. To in har fadarku ta matasa da gaske take kuna son aikin sa kai wanda zai sa zabon daji da zomo da bushiya su dawo, ku fara da abin da ke raye a ƙarƙashin ƙasa, dashe ya biyo baya.

Kafin ku ɗau gatari ku je wajen mai gari da masu gonakin, ku leƙa wajen ma'aikatan gandun daji, in makiyaya ce ku zauna da Fulani da Buzayen da ke kiwo a wurin. Wallahi duk aikin da aka yi ba da saninsu ba dabbobi za su tattake shi kuma a ƙare da rigima.

Sai sassabin zamani, wato renon tohon da kututturen icce ke yi a gona maimakon sare shi. Abin ya faro ne a Maraɗi wajen 1983, yanzu ana maganar hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200 da aka farfaɗo da su a Nijar, in kana son gani da ido bi hanyar Matamaye zuwa Magariya ka ga gawo. Yadda ake yi, ka samu kututturen kalgo ko sabara ko magarya da ya yi toho birjik, kar ka sare duka kamar yadda aka saba, duba masu ƙarfi da suka miƙe ka bar uku zuwa biyar, sauran ka cire, waɗanda ka bari ka rage musu rassan ƙasa har wajen rabin tsayinsu. Addar ta zama mai kaifi kuma ka yi saran daga ƙasa zuwa sama don kar ɓawon ya yage, in ya yage nan gara da ciwo ke shiga. Ɗaura jan ƙyalle a jiki kowa ya san da mai shi. Saiwar ta daɗe a ƙasa ta riga ta kai ga laima, shi ya sa ba ya neman ban ruwa. Ƙaramin gawo kuwa ku zagaye shi da ƙaya, shi ne ke zubar da ganye da damina ya bar hatsi ya sha rana, da rani kuma ƴaƴansa su ciyar da bisashe.

Inda ƙasa ta zama fako, ruwa na gudu ba ya shiga, rami mai siffar rabin wata za ku haƙa tun da rani, faɗinsa kamar mita 4, bakin yana kallon inda ruwa ke gangarowa, ƙasar da kuka tono ku tara ta a bayan gangare. Ku zuba taki, da ruwan farko a watsa irin gamba da kyasuwa. Gayya ce ta dace da wannan, da sassafe kafin rana ta yi zafi, kowa da jarkar ruwansa.

Abin da ake yawan mantawa kuma shi ne naman dajin kansa. Kar ku share ko ina ƙal, ku bar wani lungu da ciyawa da sarƙaƙiya don nan fakara da zabo ke ƙwai, busasshen icce mai kogo ma ku ƙyale shi, gidan tsuntsu ne da zuma. Ku yi wa yara masu danko da samari masu farauta da karnuka magana, da lalama, a daina kwasar ƙwai da damina. Da kaka in ciyawa ta bushe a share hanyar tare gobara a kewaye.

Sannan ku raba kwanaki a tsakaninku, mutum biyu biyu suna zagaya wurin duk sati musamman daga Maris zuwa faɗuwar ruwa, lokacin ne abincin dabba ke ƙarewa masu sara su fito.