Yadda Ake Ziyartar Badagry A Yini Ɗaya

Hausawa da yawa sun shekara goma suna zaune a Agege ko Idi-Araba ko Alaba Rago, amma ba su taɓa taka Badagry ba, alhali garin yana nan kan hanyar Seme, dab da iyakar Najeriya da Jamhuriyar Benin. Yini ɗaya ya isa mutum ya ga abin da ya kamata, in dai ya yi sammako kuma ya san inda zai fara.

Da farko zaɓi lokaci. Rani ya fi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, domin da damina ruwan Legas kan ɓata wa mutum yini guda. Da ka idar da sallar Asuba ka kama hanya. Motocin Badagry suna lodi a Mile 2, su bi ta Okokomaiko da Agbara. Tazarar ba ta kai kilomita 70 ba, amma cunkoso kan mayar da ita tafiyar awa biyu ko uku. Riƙe katin shaida, saboda hanyar iyaka ce, shingayen kwastam da na shige da fice da na 'yan sanda ba su da iyaka. Tafi da kuɗi a hannu, ƙananan canji, don kuɗin shiga da na kwale-kwale da ihsanin masu rakiya.

Idan ka sauka a shataletalen garin, hau acaɓa ko keke ka ce Marina, wato titin bakin ruwa. Kusan duk wuraren tarihin suna jere a bakin wannan ruwa, da ƙafa ake zagayawa. Fara da gidan tarihi na Badagry Heritage Museum, wanda ke cikin ginin da Turawan Ingila suka yi a 1863, shekarar da garin ya shiga hannunsu. Rabin awa ya isa, amma kada ka tsallake shi, domin shi ne zai ba ka tsarin labarin cinikin bayi da aka yi a garin. Daga nan leƙa gidan iyalan Mobee, inda ake ajiye sarƙoƙi da mari na asali. Ana barin baƙo ya ɗaga su. Ka ɗaga, ka ji nauyin da aka ɗora wa wuyan ɗan Adam.

Inda nake son ka daɗe shi ne gidan Seriki Williams Abass. Shi kansa an taɓa kama shi bawa, aka kai shi Brazil, ya dawo ya zama dillalin bayi, daga baya kuma ya zama Sarkin Musulmin Badagry, ya rasu a 1919, kabarinsa na cikin gidan. Ɗakuna 40 ne ake tsare bayi a cikinsu kafin jirgi ya iso. Shiga ɗaya, ka sa a rufo ƙofa na ɗan lokaci, ka dubi 'yar tagar da ke can sama. Masu rakiya za su nuna maka lema da kwalba da tangaran da aka yi musayarsu da mutane. Wannan labari namu ne ma. Daga tashoshin wannan gaɓa aka kwashi Hausawa masu yawa zuwa Bahia a Brazil, inda suka shirya bore a 1807, kuma wasunsu suka shiga boren Musulmi na 1835 a birnin Salvador. Ta Badagry ɗin nan kuma Clapperton, Baturen Birtaniya mai yawon bincike, ya sauka a ƙarshen 1825 ya nufi Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, can Baturen ya mutu a 1827.

Gidan bene na 'yan mishan, wanda aka kammala a 1845 kuma ake kira bene na farko a Najeriya, yana kusa. Mutumin Kano ko Zariya da ya san tsoffin sorayenmu zai ce akwai magana a wannan laƙabi, kuma yana da gaskiya. Duk da haka ka shiga, a nan ake nuna ɗakin Samuel Ajayi Crowther, wanda ya yi aikin fassara Baibul zuwa Yarbanci.

Yi sallar Azahar, ci abinci, sayi ruwa da kwakwa, sannan ka gangara wurin kwale-kwale zuwa tsibirin Gberefu. Ku daidaita kuɗin zuwa da dawowa tun kafin ka shiga, kuma kada ka yarda ka hau ba rigar ruwa. Tsallakawar 'yan mintuna ce. A can za ka taka yashi wajen rabin awa, hanyar da bayi suka bi a ɗaure. A tsakiya akwai rijiyar da ake cewa ana tilasta musu shan ruwanta don su manta gida. Ƙarshen hanyar bakin teku ne, inda ake loda su a jirgi. Sa takalmi mai rufi da hula, domin yashin da zafi. Kada ka shiga ruwan da sunan wanka, igiyar wurin tana da ƙarfi ƙwarai.

Zuwa La'asar ka kasance ka dawo tasha, don kada dare ya riske ka a hanyar Agbara. Mai son ƙarasawa Seme ya tsallaka Kwatano sai ya ware wata rana daban, ya zo da fasfo ko takardar tafiye-tafiye ta ECOWAS da katin rigakafin shawara.