Yadda na gyara BMW 335i mai yanke ƙarfi in ta yi zafi

Motar lafiya lau take tashi da safe. Sai an hau hanyar Mirriya da rana tsaka injin ya ɗau zafi, ta fara kakkarwa, ƙarfi ya faɗi, fitilar injin ta kama. A kashe a sake tayarwa, kamar ba ita ba.

Na jona na'urar bincike, ta nuna lambar matsala 2A82, wato VANOS (tsarin da ke daidaita lokacin buɗewar bawul ɗin injin) na ɓangaren shigar iska. VANOS da matsin man injin yake juya kamshaf, sandar da ke buɗe bawul, saboda haka kada a yi saurin zargin sarƙar taimin. Sarƙar da ta saki ba ta warkewa don an kashe mota.

Solenoyid, wato bawul ɗin lantarki da ke sarrafa man da ke shiga VANOS, biyu ne a gaban injin, iri ɗaya, kowanne da ƙusa guda mai lamba 10. Na musanya musu wuri, na goge lambar matsalar. Da matsalar ta dawo sai ta koma 2A87, ɓangaren fitar hayaƙi. Laifin ya bi solenoyid ɗin ke nan. Ragarsa ta toshe da dattin tsohon mai, abin da zafin Damagaram ke ƙara tsanantawa.

Wanki ba ya daɗewa, sabo na sa. Na juye mai, lita 6.5 na 5W-40, da sabuwar filtar mai. Lambar ba ta sake fitowa ba.