Yadda Ake Cin Abinci Bayan Tiyatar Rage Ƙiba

Tumbin babban mutum yakan ɗauki abinci kimanin lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, amma bayan tiyatar rage ƙiba da ake karkatar da hanji, wato a haɗa shi da saman tumbi, 'yar jakar tumbin da likita ke bari ba ta wuce mililita 30, wato kamar girman ƙwai guda. A ɗaya tiyatar kuwa, wadda ake yanke kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari na tumbi, abin da ke saura siririn bututu ne mai siffar ayaba, wanda ke ɗaukar mililita 100 zuwa 150. Kowa yakan ji waɗannan alƙaluma daga bakin likita, sai dai ido da hannu ba su san an yi tiyata ba, suna nan suna ɗibar abinci kamar da, kuma a nan ne na ga mutane da dama sun sha wuya, har da ni kaina.

Makonnin farko ba su cika ba da matsala ba, domin tsoron ɗinki yana hana mutum ganganci. Ana farawa da abinci mai ruwa-ruwa na kimanin mako biyu, sannan markaɗaɗɗen abinci na wasu makonni biyu, gwargwadon tsarin da likita ya bayar. Abin kula kawai shi ne a riƙa kurɓar ruwa kaɗan-kaɗan tun safe har dare, har a kai lita ɗaya da rabi a rana.

Inda ake tuntuɓe shi ne wajen mako na biyar zuwa na shida, lokacin da aka koma abincin da ake taunawa. Ni a loma ta huɗu ta busasshen naman kaza na ji wani abu ya tokare mini ƙirji, yawu ya cika mini baki, kuma ban samu sauƙi ba sai da na amayar. Kuskurena shi ne na jira in ji ƙoshi irin wanda na saba, alhali sabon tumbi yana da tasa alamar. Wani shaƙuwa ce ke zo masa, wani gyatsa, wani hancinsa ya fara yoyo, wani kuma ya ji nauyi a ƙasan ƙashin ƙirji. Da zarar ɗaya daga cikinsu ta bayyana, a ajiye cokali nan take, ko da saura loma ɗaya tak.

Saboda haka a auna abincin tun kafin a zauna, a fara da abin da bai wuce manyan cokula uku zuwa huɗu ba, a zuba a ƙaramin faranti, a ci da cokalin shayi. A fara da mai gina jiki, kamar ƙwai ko kifi ko nama mai taushi da ɗan romo, domin jiki na buƙatar furotin giram 60 zuwa 80 a rana, kuma idan shinkafa ko burodi suka riga shiga, ba sauran wuri. Garin furotin na gwangwani yana da tsada, kuma a ganina wanda ke iya cin ƙwai da kifi da madara ba lallai ne ya daɗe a kansa ba. Kowace loma a tauna ta sau 20 zuwa 30 har ta zama kamar markaɗe, a ajiye cokali tsakanin loma da loma, a ja cin ya kai minti 20 zuwa 30. Ban yarda da ci a gaban talabijin ko waya ba, domin hankali na ɗaukewa alamar ta wuce.

Kada a haɗa ci da sha. A dakata da ruwa minti 30 kafin abinci, sannan a jira minti 30 bayansa, saboda ruwa ko dai ya cika wurin, ko ya tura abincin zuwa hanji da wuri, yunwa ta dawo. Lemo mai gas a bar shi gaba ɗaya. Kayan zaƙi kuma, musamman ga wanda aka karkatar wa hanji, suna iya haddasa zufa da jiri da bugun zuciya da gudawa cikin rabin sa'a.

Bayan shekara guda yawancin mutane kan iya cinye kimanin kofi ɗaya a zama guda, kuma wannan ba ya nufin tiyatar ta lalace. Abin da ya fi dawo da ƙiba shi ne ciye-ciye a tsakani, don haka a tsaya ga lokutan ci da aka tsara. Ƙwayoyin bitamin B12 da D da sinadarin ƙarfe da kalsiyam kuwa na har abada ne, tare da gwajin jini lokaci-lokaci. Idan amai ya ƙi tsayawa, ko ruwa ma ya kasa wucewa, a koma asibiti a ranar.